Toshe kafofin silin kafin zuba insuleshan: hannunka, tulu biyu, ko ɗan kwangila?

Duk wanda ya sayi tsohon gida a ƙasar sanyi, Minesota ce ko Manitoba, hunturun farko ne ke gaya masa gaskiyar abin da ya saya. Bil ɗin gas ya zo kamar an haɗa masa da na maƙwabta, ɗakunan sama ba sa riƙe ɗumi, ƙanƙara ta yi dakali a bakin rufi tana zuro haƙora. In ya kai kuka wurin 'yan'uwa bayan sallar Juma'a, amsa ɗaya zai ji: ƙara insuleshan, wato abin da ake shimfiɗawa a saman silin don hana ɗumi ratsawa. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai an tsallake mataki guda, kuma irin matakin nan ne da in an wuce shi komawa baya ke da tsada.

Sararin da ke tsakanin silin da rufi, wanda a gida muke ce wa cikin silin, nan kuma suke kira atik, ta nan gida ke zubar da ɗuminsa. Iska mai ɗumi sama take yi. Da hunturu takan taru a ƙarƙashin silin tana neman kafa, ta bi ramin da mai wayarin ya huda, ta bi gefen bututun bayan gida, ta bi bakin fitila, ta fice. Gwargwadon abin da ya fita ta sama, gwargwadon sanyin da gidan zai zuƙo ta ƙarƙashin ƙofa da gindin bango. Shi ya sa hita na ta aiki amma ƙafafunka kamar ka tsoma su a randa. Audugar gilas da niƙaƙƙiyar takardar da ake hurawa cikin silin suna rage zafin da ke ratsa allo, amma ba sa tsayar da iska mai tafiya. Audugar gilas ga iska kamar rariya ce ga gari, tankaɗe kawai take yi. Ranar da na fara ɗaga wadda ke cikin silin ɗina, ruwan hoda ce ko'ina, sai a kan layin bangon kicin na tarar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ƙurar shekara da shekaru ce da iskar gidan ta bari tana wucewa. Ƙarƙashin baƙin nan tsaga ce wadda ɗan yatsana ya shige ba tare da na matsa ba.

Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Princeton, cikinsu har da Gautam Dutt, suka gano a gidajen Twin Rivers da ke jihar New Jersey cewa zafin da ke ɓacewa ta silin ya ninka abin da lissafi ya nuna, kuma waɗannan ɓoyayyun hanyoyi ne sanadi. Shirin ENERGY STAR na hukumar kare muhalli ta Amurka ya kiyasta cewa toshe kafofi haɗe da ƙara insuleshan na rage kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi. Mu kuma muna da ƙarin dalili. Gidan Bahaushe tukunya ba ta sauka, tuwo na tururi, miya na tafasa awa biyu, ga baƙi, ga wanka da alwala. Duk danshin nan iska ce ke ɗauke da shi zuwa cikin silin, ya sami katako mai sanyi ya kwanta. Ka leƙa da tocila a watan Janairu, in ka ga tsinin ƙusoshin rufi sun yi farin gemu na ƙanƙara, to danshin kicin ɗinka ne. Insuleshan da ka ƙara ba tare da toshewa ba ƙara sanyaya katakon rufin yake yi, danshin kuma bai daina hawa ba, sai funfuna ta samu gida.

Saboda haka maganar a toshe ko kada a toshe ba ta taso ba. Abin da ke raba hankalin mutane shi ne da me, kuma wa zai yi. Hanyoyi huɗu ne a gaba.

Ma'aunin da za a auna su

Na farko kuɗi, amma ba na yau kaɗai ba. A yankunan sanyi ana son silin ya kai R-49 zuwa R-60 a ma'aunin hana zafi ratsawa, watau kimanin inci 14 zuwa 17 na niƙaƙƙiyar takarda. Duk kafar da aka binne ƙarƙashin wannan tudu, mai neman ta daga baya sai ya yi haƙa da shebur. Aikin da aka yi rabi-rabi sau biyu ake biyansa.

Na biyu ƙarko. Cikin silin da bazara zafi kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, da hunturu kuma ya yi ƙasa da sifili nesa. Katako na kumbura yana motsewa, don haka abin da aka liƙa dole ya iya bin sa. Tef ɗin nan mai ruwan toka da kowa ke ajiyewa a durowa ba ya cikin lissafi. Gwajin da cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ta yi a 1998 ya nuna saki yake yi da zarar ya sha zafi, ko a kan bututun iskar da aka raɗa masa suna da shi.

Na uku wahala. Ba tsayuwa ake yi a wurin ba, rarrafe ne a kan katakan da ke riƙe da silin, tazarar inci 16 ko 24 tsakaninsu, ƙusoshi a saman kai, tsakanin katakan kuma allon jifsam ne mai kaurin rabin inci wanda ko yaro ba zai ɗauka ba. Ni na san haka da ƙafata. Gwiwa ta gaji na ɗan karkata, sai ji na yi ƙafar dama ta wuce, uwargida na falo tana kallon takalmina yana lilo a saman kujera. Tun daga ranar ba na hawa sai da falanki biyu da nake ja gaba ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu haɗari, kuma a nan zan daɗe, domin akwai abubuwan da in ka same su zaɓin ma ya fita daga hannunka. In ka ɗaga murfin silin ka ga wasu 'yan tsakuwoyi marasa nauyi, masu ƙyalli, launin toka ko ruwan zinariya, zube tsakanin katako, mayar da murfin ka sauko. Bamikulait ke nan, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Zonolite. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na wanda aka sayar a Amurka daga 1919 zuwa 1990 daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, kuma mahaƙar na gauraye da asbesto. Motsa shi na tayar da ƙurar da ke lalata huhu bayan shekaru. Masu lasisin kwashe asbesto ne kaɗai ke taɓa shi, akwai kuma asusun Zonolite Attic Insulation Trust da ke mayar wa mai gida wani kaso na kuɗin kwashewa. Haka nan in gidan na kafin shekarun 1950 ne ka ga wayoyi ɗai-ɗai a miƙe kan 'yan farin tangaran, tsohon wayarin ne da aka tsara shi ya sha iska, ba a binne shi da insuleshan sai mai lantarki ya sauya. Rufin da ke yoyo shi ma a fara gyara shi. Sai kuma wanda ba a gani: in tukunyar ruwan zafinka ko hitarka irin tsohuwar nan ce mai gas da hayaƙinta ke hawa bututu da kansa, matse gida na iya sa hayaƙin ya juyo ciki, musamman in fankar kicin na aiki. Kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin nan, ba shi da wari. Kowace hanya ka zaɓa, na'urar ƙararrawarsa ta riga ta shiga gidan.

Na biyar, wanda mutane ba sa tambaya: ta yaya za ka san aikin ya yi? Kafar iska ba kamar yoyon famfo ba ce da za ka ga ɗigo ya tsaya.

Hanya ta ɗaya: hannunka, da gam da kumfar gwangwani

Wannan ba abu ɗaya ba ne, jakar kayan aiki ce, kowace kafa da maganinta. Tsagar da ba ta wuce kwatan inci ba, gam na bututu ake matsa mata, silikon ko akirilik. Daga kwatan inci zuwa inci 3, kumfar gwangwani irin su Great Stuff. Abin da ya fi haka faɗi, kamar ramin da ke saman kabad ɗin kicin inda magina suka sauko da silin suka bar bayansa a buɗe, ko rijiyar da bututu ke bi daga ƙasa har sama, sai a yanka allon kumfa mai tauri ko gutsuren jifsam a rufe, a zagaye bakinsa da kumfa. Waɗannan manyan ramuka su ne kan gaba. Mutum kan ɓata yini yana bin ramukan waya guda hamsin alhali rami ɗaya a saman kabad ya fi su duka zubar da iska. Bayansu sai layin saman kowane bango, inda jifsam ya haɗu da katako, sai murfin shiga silin ɗin kansa, wanda ke son robar liƙe baki da ƙugiyar da za ta danne shi, da allon kumfa a bayansa.

Kuɗinsa shi ne mafi sauƙi. Gwangwani mai tsinke bai cika wuce dala goma ba, gam ma haka, matsakaicin gida kuma da wuya kayan gaba ɗaya su haura dala ɗari uku ko huɗu. Shawarata, in za ka yi da gaske, sayi bindigar kumfa da manyan gwangwanayenta. Mai tsinke sai an kifa shi kai ƙasa yake fitar da kumfa, abin da ke da wuya a lungun da rufi ya sauko, in ka ajiye shi kuma tsinken ya toshe. Bindiga tana ba ka zare siriri yadda kake so, ka rufe ta ka dawo gobe. Kumfar da danshi take ƙamewa, don haka ɗan fesa ruwa a wurin na taimakawa, ƙura kuma na hana ta kamawa, sai an share. Sa safar hannu da tsohuwar riga. In ta taɓa fata tana ɗanya asiton na cire ta, in ta bushe sai dai haƙuri. Wani abokina da ya zo taya ni sai da ya rage gemu.

Ƙarko ba laifi. Rana ce ke cin kumfa, cikin silin kuwa ba rana, don haka takan yi shekaru masu yawa. Silikon ya fi akirilik mai araha jure motsin katako.

Haɗarinta wuta ne, kuma a nan ne garin gyaran gira ake rasa ido. Kumfar gwangwani na iya kamawa in zafi ya wuce digiri 116 na Salshiyas, haka yake rubuce a jikin gwangwanin. Har mai launin lemo ɗin nan da ake sayarwa da sunan tare wuta, don ramukan waya da bututun ruwa aka yi ta, ba don jikin bututun hayaƙi ba. Bututun hayaƙi na da dokarsa: mai ruɓi biyu na gas tazarar inci 1 daga duk abin da ke ci da wuta, mai ruɓi ɗaya inci 6, ginannen na bulo inci 2. Ana rufe tazarar da fallen aluminiyam ko kwano da aka yanka daidai, a liƙe bakinsa da jan silikon mai jure zafi, sannan a naɗa wani fallen a tsaye kamar katanga don kada insuleshan ya jingina da bututun. Fitilun da aka nutsa cikin silin su ma a duba. In ba a rubuta IC a jikinsu ba, alamar cewa insuleshan na iya jingina da su, suna son tazarar inci 3, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a sauya su da na LED masu robar liƙe baki. Iskar da ke tura kumfa daga gwangwani ita ma tana kamawa, kada a fesa kusa da harshen wuta.

Ta fuskar shaida, wannan hanya ce mafi rauni. Abin da ke hannunka shi ne baƙin da ke jikin auduga, da kuma turaren tsinke. Rana mai sanyi da iska, kunna shi ka bi gefen fitilu da murfin silin daga cikin ɗaki, inda hayaƙin ya karkata ya bi sama da gudu akwai kafa. Yana aiki, amma ba ya ba ka lamba.

Hanya ta biyu: tulu biyu

Wannan kit ne mai tulun ƙarfe biyu da tiyo, irin su Froth-Pak, sinadarai biyu na haɗuwa a bakin bindiga su fito kumfa mai ƙamewa cikin minti ɗaya ko makamancin haka. Ƙaramin da aka fi saye an rubuta zai rufe murabba'in ƙafa 200 a kaurin inci ɗaya, a aikace kuma bai cika kaiwa ba. Farashinsa ya kama daga dala ɗari uku da wani abu zuwa sama. Amfaninsa sauri: layin bangon da zai ci maka rabin awa da gwangwani, da wannan shafa ɗaya ce, kuma yana rufe wuri mai ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa da gam ba zai iya ba.

Amma ni ban cika ba sabon hannu shawararsa ba. Tulunan na son ɗumi, wajen digiri 24 zuwa 29. In ɗaya ya fi ɗaya sanyi, ko bawul ɗaya bai buɗe sosai ba, haɗin ya karkace, kumfar ta fito ko dai mai danƙo da ba ta bushewa ko mai ruɓushi, wani lokaci da warin da ke daɗewa a gida. In ka tsaya fiye da daƙiƙa 30 sai ka sauya bakin bindiga, kai kuwa kana rarrafe ne, kowane motsi tsayawa ne. Ga sinadarin aisosayanet da ke cikinsa, wanda ke iya jawo asma, don haka takunkumin takarda ba ya wadatarwa, sai na roba mai gwangwanin tace tururin sinadari, da tabarau, da rigar da ta rufe jiki ruf. Dokar bututun hayaƙi kuma tana nan yadda take. A taƙaice, kuɗin ya kusa na ɗaukar ma'aikaci, haɗarin kuma a wuyanka yake. Wanda ya riga ya kwashe tsohon insuleshan, filin silin ya fito fes, kuma ya saba aikin fenti da feshi, shi ne zai ci ribarsa.

Hanya ta uku: ƙwararre mai fankar ƙofa

Abin da ya bambanta wannan da sauran ba kumfarsa ba ce, don sau da yawa irin taka ce. Awo ne. Yakan kafa wata babbar fanka a ƙofar shiga cikin jan ƙyalle, ya zuƙe iskar gidan har matsin ya kai faskal 50, na'ura ta nuna yawan iskar da ke kutsowa. Fankar da aka fi gani a hannunsu ma a jihar Minesota ake ƙera ta. Yayin da take aiki, kowace kafa sai ta tona kanta, ka sa hannu a bakin soket ka ji iska kamar an hura maka, in kuma yana da kyamarar gane zafi ka ga sanyi na gangarowa cikin bango kamar jirwaye. Dokar gini ta Amurka mai suna IECC a bugun 2012 ta ce sabon gida a yankin sanyi kada iskarsa ta sauya fiye da sau 3 a awa a wannan matsi. Tsofaffin gidaje da yawa sun ninka haka sau uku ko fiye. Ana awo kafin aiki, a sake bayan aiki, bambancin lambobin biyu shi ne abin da ka biya. Mai takardar shaidar BPI, cibiyar da ke tantance masu wannan aiki a Amurka, kuma zai gwada hayaƙin tukunyar ruwan zafi bayan ya gama, ya kuma gaya maka in gidan ya matse har yana bukatar fankar shigo da iska.

Kuɗi: awon kansa 'yan ɗaruruwan daloli ne, kamfanonin gas da lantarki da dama kuma na rage shi ƙwarai ga masu hulɗa da su, ka tambayi naka. Toshewar takan kama daga ɗaruruwa zuwa dala dubu biyu ko fiye, gwargwadon girman gida. In za a zuƙe tsohon insuleshan da injin tukuna, wanda shi ne ke sa a ga kowace tsaga, lissafa kamar dala ɗaya zuwa biyu a kowane murabba'in ƙafa. Rangwamen harajin gwamnatin tarayyar Amurka da ke mayar da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kaya har dala 1,200 a shekara ya ƙare da ƙarshen 2025. Amma shirin gwamnatin tarayya na gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi don jure yanayi, wanda aka kafa a 1976 kuma ma'aikatar makamashi ke gudanarwa, kyauta yake yin irin wannan aiki ga wanda ya cancanta, har da 'yan haya in mai gida ya yarda. 'Yan'uwa da yawa sun cancanta ba su sani ba, wasu kuma kunya ke hana su.

Haɗarin wannan hanya mutum ne. Na farkon da na kira, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, takardarsa ta ce za a toshe kafofi sannan a hura. Suka iso da safe, kafin azahar sun naɗe tiyo. Bayan sun tafi na tona wuri ɗaya a kan bangon banɗaki, ko ɗigon kumfa babu. An dai lulluɓe ɓarna da sabon bargo. Ba wanda ke hawa ya duba, sun san da haka. Don haka a rubuta a yarjejeniya: lambar awo kafin da bayan aiki, hotunan manyan ramuka a rufe kafin a hura komai, da alkawarin cewa bututun fankar banɗaki zai fita waje ta rufi ko bango, ba a sake shi cikin silin ba. A kuma tabbata sun sa 'yan kwararon nan a bakin rufi da ke hana insuleshan toshe kafofin shan iskar atik. Waɗancan kafofi na waje ba a toshe su, silin ake matsewa, rufi kuwa a bar shi ya sha iska. Wanda ya ce maka ba ya bukatar fanka don ya san aikinsa, gode masa ka kira wani.

Hanya ta huɗu: feshe ƙarƙashin rufin gaba ɗaya

Nan an sauya dabara. Maimakon a matse silin, sai a fesa kumfa a jikin katakon rufin daga ciki, a rufe kafofin shan iska, atik ya zama cikin gida. Kumfa mai rufaffen ƙwaya na ba da kusan R-6 zuwa R-7 a kowane inci, tana tare iska da danshi a lokaci guda. A yanki irin na Miniyapolis, in za a haɗa ta da wani insuleshan a ƙarƙashi, doka na son kumfar kaɗai ta kai R-25, wajen inci 4 ke nan. Aikin mota da injin ne, ba na hannu ba, mutanen gida kan bar gidan kamar kwana guda, kuma yawanci dole a rufe fuskar kumfar da abin da ke hana ta saurin kamawa. Kuɗin dubbai ne, babban gida ya haura dubu goma.

Tana da ƙarko ƙwarai, kuma ita ce amsa in hita ko bututun rarraba iska na cikin atik, ko rufin mai lunguna ne da ɗakuna a cikinsa yadda ba a iya bin silin a matse. In ba haka ba, sayen doki ne don zuwa bakin ƙofa. Kuma ba a warware ta. In rufi ya fara yoyo, kumfar na iya ɓoye ruwan har katako ya ruɓe. Masu zama a Ingila su yi hattara sosai: can wasu masu ba da bashin gida na ƙin karɓar gidan da aka fesa wa kumfa a rufi saboda mai duba gida ba ya iya ganin katakon, har ƙungiyar masu safiyo ta RICS ta fitar da jagora ga masu gidaje kan lamarin a 2023. Mutane sun biya kuɗin fesawa, sun dawo sun biya na kankarewa.

| Hanya | Kimanin kuɗi a Amurka | Ƙarko | Wahala a kanka | Babban haɗari | Shaidar aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Gam da kumfar gwangwani | dala 150 zuwa 400 | mai kyau in an share ƙura | mai yawa, kwana biyu ko uku na rarrafe | wuta a bututun hayaƙi, faɗowa ta silin | ido da turare kawai |
| Tulu biyu | daga dala 350 kowane kit | mai kyau in haɗin ya daidaita | matsakaiciya, tana son gwaninta | sinadari a huhu, haɗi ya karkace | ido kawai |
| Ƙwararre mai fanka | ɗaruruwa zuwa dubu biyu ko fiye | mai kyau | kaɗan, sai sa ido | aikin ha'inci | lamba kafin da bayan aiki |
| Feshe rufi duka | dubbai, har sama da dubu goma | mafi daɗewa | babu, sai barin gida | ɓoye yoyo, matsalar sayarwa | lamba in an yi awo |

Wa ya dace da wacce

In gidanka mai hawa ɗaya ne ko biyu, rufinsa na da tsayin da za a durƙusa, insuleshan ɗin ciki ɗan kaɗan ne da ake ɗagawa da hannu, gwiwoyinka kuma lafiya lau, ɗauki hanya ta ɗaya, amma ka ara daga ta uku: biya a yi maka awon fanka kafin ka fara, mai awon ya nuna maka manyan ramukan, ka toshe da hannunka, ya dawo ya sake aunawa ya gwada hayaƙi. A ganina nan ne kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu. Ka sa aikin a watan Satumba ko Oktoba, da sassafe. Cikin silin a watan Yuli wuri ne da mutum ke suma.

In akwai tsohuwar tukunyar gas mai bututu, ko fitilun silin barkatai, ko tulin tsohon insuleshan da ɓeraye suka yi fitsari a ciki, ko kuwa kai direba ne ko ma'aikacin asibiti da hutunsa kwana ɗaya ne a mako, ɗauki ƙwararre, ka riƙe ragowar kuɗinsa sai ka ga lamba ta biyu. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da neman shirin gwamnati a ofishin gundumarsa, ko da layin na da tsawo. Ɗan haya kuma iyakarsa robar murfin silin da gam a gefen fitila, saura na mai gida ne.

Tulu biyu na wanda ke tsakiyar gyaran gida ne, an kwashe komai, yana da takunkumin da ya dace. Feshe rufi kuma na mai injin ɗumama gida a atik ne, ko mai son mayar da wurin ɗaki, bayan mai rufi ya hau ya tabbatar ba yoyo.

Masu gini a gida Kano ko Maraɗi da ke shirin sa esi, ku ma abin ya shafe ku, sai dai a juye. Can sanyin ɗaki ne ke zurarewa ta ƙarƙashin ƙofa, zafin da kwano ya tara a cikin silin kuma ya sauko ta bakin fitila da ƙugiyar fanka da gefen allo, tare da ƙurar hunturu da ke zana baƙin layi a jikin fenti. Babu ƙanƙara babu bututun hayaƙi, don haka hanya ta ɗaya ta wadatar: kafin a shimfiɗa komai a saman silin, a sa mai aikin ya bi mahaɗar silin da bango da duk ramin waya da silikon, tun tsani na jingine.